Fashin Baƙi: Me Ya Sa Ranar Hutun 'Yan Wasan Daɓe Ke da Wuyar Tsarawa a Gidajen Wasa na Karɓa-Karɓa?

Mutumin da aikinsa bai wuce hawa dandamali na sa'o'i biyu ko uku da daddare ba, wane irin hutu yake nema har sai an rubuta masa shi a yarjejeniya, an kuma ɗora tara a kan wanda ya saɓa? Tambayar da 'yan kallo ke yawan yi ke nan duk lokacin da aka ji 'yan wasan daɓe na Amurka ko na Turai suna ja-in-ja da masu gidajen wasa. Ta sake tasowa a watan Oktoban 2025, lokacin da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta Amurka, Actors' Equity Association, wadda aka fi sani da Equity, ta kai gab da yajin aiki a Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa ta birnin New York, kafin a daidaita. Kuɗin inshorar lafiya ne ya fi ɗaukar hankali a waccan taƙaddama, amma tsarin ranakun aiki da na hutu yana cikin abubuwan da ƙungiyar ta kafe a kai.

Broadway ma da sauƙi, domin a can wasa ɗaya ake maimaitawa kullum, da mutane ɗaya, a zaure ɗaya. Inda lissafi ke cakuɗewa shi ne gidajen da ke tafiyar da wasanni da yawa lokaci guda da tawaga ɗaya. A irin waɗannan gidaje ne ake iya gajiyar da ɗan wasa har ya kwanta ciwo ba tare da an karya ko layi ɗaya na yarjejeniya ba.

## Mene ne gidan wasa na karɓa-karɓa?

Gida ne da ke ɗaukar tawagar 'yan wasa na tsawon kaka guda, wani lokaci wata takwas ko fiye, ya shirya wasanni da dama, sannan ya riƙa nuna su bi da bi: wannan yau da rana, wancan yau da dare, na uku gobe. Kowane ɗan wasa yana fitowa a wasa biyu ko uku. Kamar rabon girki ne a gidan mai mata uku, sai dai a nan hannun da ya tuƙa tuwon jiya shi ne zai dama kunun yau, kuma ana jiran sa a miyar gobe.

Tsohon tsari ne. Gidan Comédie-Française na birnin Paris, wanda aka kafa a 1680, har yanzu a kansa yake tafiya. Haka gidajen wasa na birane da jihohin Jamus da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu. A Kanada akwai bikin Stratford na lardin Ontario da ya fara a 1953. A Amurka wanda ya fi shahara shi ne bikin Oregon Shakespeare Festival, a ƙaramin garin Ashland na jihar Oregon, wanda Angus Bowmer ya kafa a 1935. Kafin annobar korona yakan shirya wasanni 11 a kaka guda, daga watan Fabrairu zuwa ƙarshen Oktoba, a zauruka uku, ɗaya daga ciki a fili yake babu rufi.

Dalilin ɗaukar wannan wahala kuɗi ne da kuma sana'a. Ashland ba ta da yawan jama'ar da za su cika zauruka uku na tsawon wata takwas. Baƙi ne ke tuƙo mota daga nesa, su kama ɗaki a otal, su kwana uku, su kalli wasa huɗu ko biyar. Da wasa ɗaya ake nunawa, da ba wanda zai yi wannan tafiya. Shi kuma ɗan wasa yana samun abin da ba kasafai ake samu a sana'arsa ba: albashi na watanni a jere, da damar gogewa a matsayi daban-daban.

## Daren da ba ka kan dandamali ba lallai hutu ba ne

A nan mafi yawan rashin fahimta yake. Ɗan kallo ya duba jadawali, ya ga sunan wata 'yar wasa bai fito ranar Alhamis ba, sai ya ɗauka tana gida ta miƙe ƙafa. A ɗauko irin wannan 'yar wasa a matsayin misali, a bi ta cikin mako guda a tsakiyar kaka.

Ranar Talata da tsakar rana tana ɗakin atisaye, ana haɗa sabon wasan da za a buɗe wata mai zuwa. Da la'asar sakaliya a tashi, ta ci abinci. Ƙarfe bakwai da rabi dole ta sa hannu a allon da ke bayan fage, domin ƙa'ida ce kowa ya hallara rabin sa'a kafin a fara. Idan akwai faɗan takobi a wasan, sai ta zo tun kafin nan, saboda ana maimaita kowane faɗa a hankali kafin kowane nuni don kada wani ya tsone wa wani ido. A fara ƙarfe takwas, a gama wajen sha ɗaya. Ta cire hular gashi, ta goge kwalliya, ta isa masauki kusan sha biyu, jiki na rawa, barci kuma ba ya zuwa nan da nan ga wanda ya gama kuka da ihu a gaban ɗaruruwan mutane.

Laraba wasa biyu gare ta. Da rana ita ce sarauniyar da ake kashewa a ƙarshe, da dare ita ce baiwa mai ban dariya a wani wasan daban. Tsakanin biyun, ma'aikatan bayan fage suna kwance fada suna kafa kasuwa a kan dandamali ɗaya, ita kuma tana neman inda za ta kishingiɗa. Ba banza ba ne dokokin Equity suka wajabta a ajiye gadon kwanciya a bayan fage.

Alhamis ɗin da ba a ga sunanta ba fa? Ita ce 'yar ko-ta-kwana a wasa na uku, wato wadda za ta maye gurbin jarumar idan ta yi rashin lafiya. Da rana akwai atisayen 'yan ko-ta-kwana. Da yamma wayarta na hannunta, ba ta isa ta bar gari ba, ba ta isa ta yi abin da zai hana ta hawa dandamali ba, har sai lokacin fara wasa ya wuce. Mutumin da ke jiran kira bai huta ba, ko da kiran bai zo ba.

Juma'a, Asabar da Lahadi su ne ranakun ciniki, nan ma akwai wasa biyu a rana ɗaya aƙalla sau ɗaya. Litinin ce tata. A cikinta za ta yi wanki, ta yi cefane, ta ga likita ko mai gasa mata gwiwa, ta ƙara bitar haddar sabon wasa, ta kuma aika takardun neman aikin kaka mai zuwa, tunda kwantiragin nan yana da ranar ƙarewa. Wannan ita ce rana ɗayan da ake ta jayayya a kanta.

## Daga ina dokokin suka fito?

Ba kyauta aka ba su ba. 'Yan wasa 112 ne suka kafa Equity a New York a 1913, a zamanin da mai shirya wasa zai iya tsare mutane makonni suna atisaye ba ko sisi, ya ƙara nuni a mako yadda ya ga dama, ya kuma watsar da tawaga a wani gari idan ciniki ya ƙi. A watan Agustan 1919 suka tsunduma yajin aiki na kwana 30, wanda ya rufe wasanni 37 ya kuma bazu zuwa wasu birane. Bayansa ne masu shirya wasanni suka amince da ƙungiyar, aka taƙaita atisayen da ba a biya, nuni takwas a mako kuma ya zama ma'aunin da ake kai har yau.

A Birtaniya, inda aka kafa tasu Equity ɗin a 1930, an yi wani salo da ya fi karɓa-karɓa tsanani, wanda ya cika garuruwa har zuwa lokacin da talabijin ta kwashe 'yan kallo. Kowane mako sabon wasa. A buɗe shi Litinin da dare, Talata da safe a fara koyon na mako mai zuwa, da dare a nuna na wannan makon. Lahadi ba a wasa, domin doka ta hana, kuma sai a 1972 aka yi dokar da ta halatta buɗe gidajen wasa ranar Lahadi a Ingila. To amma Lahadin ita ce ranar hadda. Tsoffin 'yan wasan Birtaniya da yawa suna tuna wancan zamani da alfahari, suna cewa shi ya horar da su. Gaskiya ne ya horar. Sai dai waɗanda suka jure ne ake jin labarinsu, waɗanda murya ta mutu musu ko suka bar sana'ar ba a gayyatar su hira.

## Abin da yarjejeniya ke tanada

Dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka ba ta wajabta ranar hutu a mako ba. Wasu jihohi suna da nasu tanadin, amma kariya ta haƙiƙa ga ɗan wasa tana cikin yarjejeniyar ƙungiya. Manyan gidajen wasa da ba na neman riba ba, kimanin 80, suna ƙarƙashin wata gamayya mai suna LORT da aka kafa a 1966, ita ke zama da Equity a tsara littafin dokoki.

Ginshiƙan ba su da yawa. Rana ɗaya cikakkiya a kowane mako wadda ba atisaye, ba nuni. Tazara tsakanin tashi aiki da dare da kiran gobe, galibi sa'o'i 12. Nuni takwas a mako, abin da ya haura sai an biya daban. A ɗakin atisaye, hutun minti biyar bayan kowane minti 55, ko minti goma bayan minti 80. Idan aka ci wa ɗan wasa lokacin hutunsa, gidan wasa zai biya kuɗin ƙarin lokaci. Kowace tawaga tana zaɓen wakili daga cikinta da zai kai ƙorafi ga ƙungiya, kuma manajan dandamali, wanda ke riƙe da agogo da takardar jadawali, shi ma ɗan ƙungiyar ne.

A Turai doka ce da kanta ta shigo. Tanadin Tarayyar Turai na 2003 kan lokutan aiki ya ba ma'aikaci sa'o'i 11 na hutu a kowace rana, da sa'o'i 24 a kowane kwana bakwai a kan waɗancan 11 ɗin. Wannan ƙarin yana da muhimmanci. Idan aka tashi wasa sha ɗaya na daren Lahadi aka ce an ba ka sa'o'i 24, to sha ɗaya na daren Litinin hutunka ya ƙare, alhali kusan rabinsa barci ka yi. Haɗa biyun shi ke sa ranar ta zama rana.

## Inda gizo ke saƙar: yadda ake ƙirga mako

Jimlar "rana ɗaya a kowane mako" tana da fuska biyu, kuma duk rikicin yana tsakaninsu.

A ce mako yana farawa Litinin ya ƙare Lahadi. A makon farko an ba ɗan wasa Litinin, ya yi aiki daga Talata zuwa Lahadi, kwana shida. A mako na biyu an matsar da hutunsa zuwa Lahadi, ya yi aiki daga Litinin zuwa Asabar, wasu kwana shida. Kowane mako yana da ranar hutunsa, takarda ta cika. Amma mutumin ya yi kwana 12 a jere bai huta ba, kuma idan nuni takwas yake yi a mako, ya hau dandamali sau 16 ba tsayawa. Irin wannan ya fi faruwa lokacin bukukuwa, musamman makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da ake jujjuya jadawali don a kama ranakun da mutane ke da hutu da kuɗin kashewa.

Ba 'yan wasa kaɗai abin ya dama ba, kuma ya sha zuwa gaban alƙalai. A 2017 kotun ƙolin jihar California, a wata shari'a tsakanin ma'aikatan kanti da kamfanin Nordstrom, ta yanke cewa da makon aiki ake auna ranar hutu, ba da kowane kwana bakwai a jere ba. A watan Nuwamba na wannan shekarar, kotun Tarayyar Turai ta yanke makamancin haka a ƙarar wani ma'aikacin gidan caca na ƙasar Portugal: ba dole ba ne hutun ya zo daidai bayan kwana shida na aiki. Jihar Illinois kuwa ta bi ɗaya hanyar, ta gyara dokarta daga farkon 2023 ta koma ƙirga kowane kwana bakwai a jere.

A ganina Illinois ce ta kama gaskiya. Makogwaro da gwiwa ba su san ranar da mako ke farawa ba. Jiki magayi ne, kuma abin da yake ƙirgawa shi ne kwana nawa aka yi tun hutun ƙarshe. Duk yarjejeniyar da ta ce rana ɗaya a mako amma ba ta sa iyaka ga kwanakin da za a yi a jere ba, ta bar ƙofa a buɗe, kuma a lokacin da aiki ya fi nauyi ake bi ta ƙofar.

A gidan karɓa-karɓa akwai wani ninki a kai. Kafin a buɗe kowane wasa ana yin kwanakin haɗa fitilu da sauti da sauya kayan dandamali, inda a Amurka aka saba da abin da ake kira "goma cikin sha biyu": a tsare mutum sa'o'i 12, ya yi aikin sa'o'i 10 a ciki. Mai wasa ɗaya sau ɗaya yake shan wannan. Mai wasa uku sau uku zai sha, kuma na biyu da na uku sukan zo ne a lokacin da na farko ya riga ya fara gudana.

## Rana ɗaya ga kowa, ko kowa da ranarsa?

Hanya biyu ce a gaban mai tsara jadawali.

Ta farko, a rufe gidan gaba ɗaya rana guda. Ita ce al'adar Amurka, kuma Litinin aka fi zaɓa saboda ita ce mafi ƙarancin ciniki. Amfaninta a fili yake: ba ruɗani, kowa ya san ranarsa tun farkon kaka, ba wanda za a kira ya maye gurbin wani domin babu wasan da ake yi. Asararta ita ce zauruka na zaune a kulle, haya da albashi na tafiya, tikiti ko ɗaya ba a sayar ba.

Ta biyu, gidan ya yi aiki kwana bakwai, a riƙa ba kowa ranarsa daban. A takarda tana da kyau. A aikace, a ɗauki 'yan wasa uku kawai: na farko yana wasa na ɗaya da na biyu, na biyu yana wasa na biyu da na uku, na uku yana wasa na ɗaya da na uku. Duk ranar da aka nuna wasa biyu, dukkansu suna bakin aiki. Ranar da aka nuna wasa ɗaya tak ce ɗayansu zai iya hutawa, shi ma in ba shi ne ɗan ko-ta-kwana a wasan ba, kuma in ba a buƙatar sa a atisayen rana. Yanzu a mai da ukun nan su zama sittin ko tamanin, wasannin su zama goma, zauruka uku. Shi ya sa a irin waɗannan gidaje rabon matsayi da jadawali tare ake yin su, watanni kafin a fara sayar da tikiti. Darakta zai so wata 'yar wasa, a ce masa ba zai samu ba, ba don ba ta dace ba sai don ɗaukar ta zai ci ranar hutunta.

Jamus ta fi kusa da hanya ta biyu, kuma 'yan wasanta sun daɗe suna kuka. Ranar aiki a can rabe take: atisaye da safe zuwa azahar, a watse, a dawo da yamma don wani atisayen ko nuni. An daɗe jadawalin gobe yana fitowa ne yau da rana, don haka uwa ba ta iya sanin ko za ta ɗauko ɗanta daga makaranta jibi. Dokar ƙasar ta ce ma'aikaci ya samu aƙalla Lahadi 15 a shekara ba aiki, amma ta yarda a rage su zuwa takwas a gidajen wasa ta hanyar yarjejeniya. Shekara da shekaru babbar yarjejeniyar sana'ar, NV Bühne, ba ta ƙayyade wa jaruman wasa sa'o'in aiki na mako ba. Suna da dogon hutu na kwana 45 a shekara, galibi lokacin zafi da ake rufe gidajen, amma hutun watan Agusta ba ya warkar da gajiyar watan Fabrairu. A 2024 ƙungiyarsu ta GDBA, wadda ta samo asali tun 1871, ta ba da sanarwar janyewa daga yarjejeniyar don a sake zama, kuma batun lokutan aiki da hutu ne a kan gaba.

## Masu gidajen wasa ma suna da hujja

Ba adalci ba ne a ɗauke su azzalumai. Mafi yawan gidajen karɓa-karɓa na Amurka ba na riba ba ne, da tikiti da gudummawa suke rayuwa, kuma kuɗinsu ba ya jure girgiza. A 2018 hayaƙin wutar daji ya sa bikin Ashland ya soke ko ya sauya wa wasanni sama da 20 wuri, aka yi asarar kimanin dala miliyan 2. Annobar korona ta zo ta rufe komai a 2020. A 2023 sai da bikin ya fito neman agajin gaggawa na dala miliyan 2.5 don ya iya kammala kakarsa. Duk manajan da ke cikin irin wannan hali, idan ya dubi zauren da ke kulle ranar Litinin, kuɗi yake gani.

Tun 2020 kuma buƙatar ta wuce rana ɗaya. A wannan shekarar wata gamayyar ma'aikatan wasan daɓe baƙar fata da sauran waɗanda ba farar fata ba, mai suna We See You White American Theater, ta fitar da jerin buƙatu, ciki har da soke "goma cikin sha biyu" da soke makon atisaye na kwana shida. Hujjarsu ita ce irin wannan jadawali yana tace mutane: mai 'ya'ya ƙanana, mai jinyar iyaye, mai naƙasa, da wanda ba shi da dangi masu hali ba sa iya jurewa, sai sana'ar ta zama ta 'ya'yan masu shi. Wasu gidaje, kamar Baltimore Center Stage, sun karɓa suka koma kwana biyar.

Lissafin mai gida shi ne: atisayen mako huɗu a kwana shida-shida kwana 24 ne. A kwana biyar-biyar sai an kusa cika mako biyar kafin a samu 24 ɗin. Ƙarin mako guda ke nan na albashin kowa, da kuɗin masaukin waɗanda aka ɗauko daga wasu garuruwa. A ninka wannan sau yawan wasannin kaka. Ko dai a samo kuɗin, ko a rage wasanni, ko a zaɓi wasanni masu mutane kaɗan.

Su kansu 'yan wasan bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma dalilinsu abin dubawa ne. A Amurka yawan makonnin da ɗan ƙungiya ya yi aiki shi ke ba shi damar shiga inshorar lafiya. Ƙarin makon atisaye alheri ne ga wanda aka ɗauka. Amma idan kuɗin wannan makon ya sa aka soke wasa guda daga kaka, mutum goma ko sha biyar ba za a ɗauke su ba sam. Wanda ke ciki yana son hutu, wanda ke waje yana son ƙofa.

Inda na tsaya shi ne: kwana biyu a lokacin atisaye abu ne mai yiwuwa kuma ya dace a matsa a kai. Kwana biyu a tsakiyar kaka, a garin da baƙi ke zuwa don kallo, da wuya kowane gida ya iya ɗauka. Amma rana ɗayan nan bai kamata a taɓa ta ba. A fara kafa ta a kalanda kafin a sa ranar kowane wasa, ba wai a gama cusa wasanni sannan a nemo mata gurbi ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A sa iyaka ga kwanakin aiki a jere. Kada kuma a ƙirga ranar jiran kira a matsayin hutu. Biyan tara idan an ci hutun mutum ma bai wadatar ba, saboda gidan da ke da kuɗi zai mai da tarar farashi kawai, ya riƙa sayen hutun mutane duk lokacin da ya ga ciniki.

## Wa abin ke shafa?

Ɗan kallo shi ne na farko da zai gani a ƙasa. Tsaurara dokar hutu na iya nufin ƙarancin wasanni a mako, ko ƙarin kuɗin tikiti. Sassauta ta kuma yana nufin yawan ganin 'yar takardar nan da ake cusawa cikin littafin shiri, mai sanar da cewa jarumin da aka zo gani ba shi da lafiya, wani ne zai tsaya masa. A gidan karɓa-karɓa rashin mutum ɗaya ba wasa ɗaya yake taɓawa ba: wanda zai maye gurbinsa yana da nasa matsayin, shi ma sai an samo mai riƙe masa, kuma haka za a yi a kowane wasan da marar lafiyar ke ciki. Wani lokaci sarƙar kan tsinke a soke nunin, a mayar wa mutane kuɗinsu bayan sun yi tafiyar sa'o'i.

Garin da gidan yake shi ma yana ji a jikinsa. Masu otal, masu gidajen abinci da masu shaguna a wuri irin Ashland ko Stratford da jadawalin gidan wasa suke tsara makonsu. Ƙarin ranar rufewa raguwar ciniki ce gare su kai tsaye.

Sai ma'aikatan bayan fage, waɗanda ba kasafai ake tuna su ba a wannan muhawara. Masu kafa dandamali, masu fitilu, masu ɗinki da wankin tufafin wasa ba 'yan Equity ba ne. Inda suke da ƙungiya a Amurka da Kanada, galibi IATSE ce, mai nata littafin dokoki. Idan an tsare 'yan wasa sa'o'i 12, su sukan zo kafin kowa su tashi bayan kowa. Ranar da zaure ke kulle kuwa ita ce ranar da ta fi dacewa da gyaran injin ɗaga labule, da fentin da ya goge, da wankin manyan riguna. Hutun ɗan wasa sau da yawa ranar aikinsu ce, don haka mai tsara jadawali sai ya sake nemo musu tasu ranar a cikin kwana shidan da ake nuna wasa, ya kuma tanadi waɗanda za su riƙe musu aiki a ranar.